Injiniya Tanimu da Manhajar da Ba Ta Tambaya

Duk wanda ya saba shiga motar Abuja daga Suleja da sassafe ya san Tanimu, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Tun daga tasha har a wuce Zuba shi ke riƙe da bakin magana, yana koya wa direba tuƙi, yana koya wa fasinja yadda ake riƙe waya. A Iku, inda yake haya da matarsa Tayyiba da 'yarsu Muhsina, Injiniya ake kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Gaskiyar magana, aikinsa a ofishin da yake zuwa Abuja bai wuce zuba wa firinta tawada da ɗaukar majigi in za a yi taro ba. Sai dai Allah ya ba shi kunne. Duk kalmar da ta faɗo daga bakin masu aikin kwamfuta na ainihi zai tsince ta, ya kawo ta Iku ya yi ta fankama da ita a teburin mai shayi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, kujerar sakataren ƙungiyar mazauna unguwa. Sakatare a Iku ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ke zama kusa da ciyaman, shi ake fara miƙa wa makirufo, kuma ba a haihuwa ko aure ko rasuwa sai da saninsa. Tanimu kuwa baƙo ne ɗan haya, yana jin zafin yadda ake wuce shi a gaishe da wasu, ya kuma ƙudurta cewa ranar da ya hau kujerar nan kowa zai san akwai shi. Wanda ke kanta, Malam Irmiya, tsohon malamin firamare ne. In abu ya faru babur yake hawa ya bi gida gida, sannan ya zauna ya rubuta saƙon tes a waya da yatsa ɗaya ga waɗanda suke wurin aiki.

A taron ƙarshen wata Tanimu ya miƙe ba a ba shi izini ba, ya gyara hula, ya fuskanci Baba Obadiya, ciyaman ɗin ƙungiyar, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya koma noman doya.

"Baba Ciyaman, wannan wahalar da Malam Irmiya ke sha, a Abuja na'ura ke yin ta. Otomeshan ake ce mata. A latsa wuri ɗaya, sanarwa ta kai ga kowa, rumfa ta zo, kujeru su zo, liman ya ji, fasto ya ji. Mutum yana kwance yana shan shayinsa."

Malam Irmiya ya ce, "Ita na'urar ta san gidan da ake fara gaya wa tsohuwa magana a hankali saboda hawan jini?"

"Malam, na'urar da ta kai mutum duniyar wata ce za ta kasa da tsohuwar Iku?"

Aka yi dariya, Tanimu ya ɗauka da shi ake yi. Baba Obadiya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa masa layin wayar ƙungiya da sunayen mambobi. Ya ce, "Asabar mai zuwa za mu sake zama. In abin naka ya yi, kujera taka ce. In bai yi ba, kada in ƙara jin bakinka a kanta."

Ranar Lahadi Tanimu ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda sauran 'yan haya za su gan shi, ya buɗe laftof ɗin ofis da ya aro ba tare da masu ita sun san sun ba da aro ba. Manhajar haɗa aiki ba ta ba shi wahala ba, bidiyo ya kalla ya kwaikwaya. Ya koya mata cewa in an ce haihuwa ko aure ta sanar da kowa, in an ce rasuwa ta sanar da kowa, ta ƙara da gaya wa Sebastine mai hayar rumfa da kujeru ya kai kaya gidan. Daga nan ya tuna ya taɓa ji a ofis cewa ba a sakin aiki sai an gwada shi, kuma akwai manhajar da ke yin gwajin da kanta, tana latsa komai kamar mutum ne ke latsawa. Ya nemo guda uku, ya kira Tayyiba ta zo ta ga yadda injiniyoyi ke zaɓe.

Ta farko ta ce sai ya gina wani fili na dabam, da sunayen ƙarya da lambobin ƙarya, a yi gwajin can kada ya taɓa mutane.

"Ji wannan," in ji Tanimu. "Ni da girmana in zauna ina wasan 'yartsana? Gwaji da sunan ƙarya ai ƙarya ne."

Ta biyu, duk inda ya latsa sai ta ce, ka tabbata?

"Ni take tambaya ko na tabbata? Ko waliyyinki bai yi mini wannan tambayar ba ranar ɗaurin aure."

Tayyiba tana tsince shinkafa ta ce, "Ni ya kamata ya yi wa."

Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ta uku tana da hoton zaki a goshi, ba ta neman fili, ba ta tambayar komai, abin da ka ce shi take yi nan take. Tanimu ya buga cinya.

"Ga mai tarbiyya! Wannan ta san na gaba da ita."

"Baban Muhsina, abin da ba ya tambaya ai shi ake tsoro. Ko yarinyar nan in na aike ta takan ce na nawa."

"Shi ya sa ke kike tsintar shinkafa, ni nake injiniya."

Ya ɗaura mai zaki kai tsaye a kan layin ƙungiya, ya sa mata lokaci ta riƙa gwaji da kanta da safe bayan an fito masallaci, wai kada ta yi sanyi. Sai aka zo wurin suna. Kowace sanarwa tana da gurbin da ake sa sunan mai abin, ya kuma ɗora yatsa a kan ta rasuwa, sai ya dakata. Shi da hannunsa ya rubuta sunan mai rai a sanarwar mutuwa? Ai wannan kira ne, in mutumin ya faɗi gobe wa za a ce? Duk injiniyancinsa bai kai nan ba. Sai dabara ta faɗo masa: ya ce wa manhajar ta riƙa zaɓar suna da kanta daga cikin mambobi, a kowace sanarwa, in ma akwai alhaki ya hau kanta. Ya rufe laftof yana jin kansa kamar wanda ya ƙera jirgi.

Litinin da safe wayoyin Iku suka yi ƙara tare. Ƙungiya na farin cikin sanar da cewa Yalwa ta sauka lafiya, an samu namiji.

Yalwa ɗaya ce a ƙungiyar, Inna Yalwa mai waina, wadda jikokinta ma sun fara aure, mijinta kuwa ya daɗe a ƙasa. Amma a Iku ba a yi wa saƙon ƙungiya tambaya, tashi ake yi. Wasu suka ce ko surukarta ake nufi, wasu suka ce ikon Allah ba ya ƙarewa. Kafin hantsi mata sun yi layi da sabulu da turmin zani, suka tarar da mai jego a bakin tanda tana juya waina.

"Inna, har kin fito? Ai da kin zauna kin yi wankan jego."

"Wankan me?"

"Ina jaririn? Da wa yake kama?"

Aka karanta wa Inna Yalwa saƙon. Ta sauke tanda, ta ɗauki cokalin juya waina, ta je ta zauna a ƙofar gidan su Tanimu tun azahar har ya sauko daga motar Abuja.

"Kai ne uban ɗan?"

"Inna, netwok ne. Wani lokaci saƙon Kaduna yakan faɗo Suleja."

"To ni cokalin Suleja zai faɗo maka."

Da ƙyar maƙwabta suka raba, hularsa ta tafi da tabon mai. Tayyiba ta ce ya kashe abin tun ana dariya. Ya ce injiniya ba ya kashewa, gyarawa yake yi, kuma ma ai kuskure ɗaya ne: bai gaya wa manhajar shekarun mutane ba. Ya zauna ya cire tsofaffin mata daga layin haihuwa, ya shiga ɗaki yana yabon kansa.

Manhaja kuwa ta gama da haihuwa, ta matsa gaba. Ranar Laraba ta gayyaci jama'a ɗaurin auren Khamis mai Keke da Debora.

Khamis saurayi ne, bai ma tara kuɗin lefe ba. Debora kuwa matar Nehemiya mai walda ce, mutumin da ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai in yaransa sun makara. Khamis yana layin fasinja ana ta miƙo masa hannu ana Allah ya sanya alheri, yana amsawa da amin bai san na mene ne ba, sai ya hango Nehemiya tafe da rodi a hannu, gilashin walda a goshi. Bai tsaya tambaya ba shi ma. Ya bar Keke a kunne da fasinja a ciki, ya haura katangar makaranta. Uwarsa ta bugo daga Zariya tana kuka wai ya yi aure bai gaya mata ba, Debora kuma ta rufe shagonta saboda masu zuwa tambayar anko.

Da yamma ango da mijin amarya suka shirya, suka zo gidan Tanimu tare. Yana jin muryar Nehemiya ya shige banɗaki ya sa sakata.

Tayyiba ta ce, "Ba ya nan."

"Madam, takalminsa ga shi."

"To yana nan, amma ya shiga mitin."

Nehemiya ya ƙwanƙwasa ƙofar banɗakin da rodi. "Oga Injiniya, ka ji ni da kyau. In waya ta sake kiran sunan matata, zan zo da injin, in yi wa wannan ƙofa walda kana ciki. Sai dai a riƙa miƙo maka tuwo ta taga."

Daga ciki murya ta fito siririya. "Oga Nehemiya, ai gwaji ne. Kuma ka lura, saƙon ya isa ga kowa a kan lokaci."

Wannan karon ya tsorata da gaske. Da suka tafi ya fito, ya kife laftof, ya cire mata batir, ya naɗe ta a cikin tsohuwar shadda, ya kulle a akwati, ya sa mabuɗin a aljihu.

"Ka kashe ta?" in ji Tayyiba.

"Na cire mata rai gaba ɗaya. In ta sake motsi ki canza mini suna."

Abin da bai tsinta ba a ofis shi ne manhajar ba a cikin laftof take zaune ba. Tana can a intanet tana jiran lokacinta, ko an jefa laftof ɗin rijiya ba abin da ya dame ta. Alhamis da Juma'a aka ji shiru, don gwaje-gwajen waɗannan ranaku na cikin manhajar ne, ba sa aika saƙo. Tanimu ya dawo da kafaɗarsa sama, har ya kai babbar riga guga saboda taron Asabar.

Asabar da safe ta kai ga sanarwa ta uku. Cikin alhini ƙungiya ke sanar da rasuwar Obadiya.

Baba Obadiya ya tafi gona tun da duhu, ya bar waya a caji. Aka yi ta kira ba a ɗauka, kowa ya ce shi ke nan, ta tabbata. Matarsa Mama Hauwa tana kasuwar Suleja saƙon ya same ta, a Keke aka dawo da ita ana yi mata fifita. Sebastine ya ga oda ta shigo, ya loda rumfa da kujeru, kafin a ce me ya kafa su a ƙofar gidan. Zumuntar matan coci suka iso da tulunansu na kiɗa suna waƙa, liman ya zo da jama'arsa suka zauna gefe ɗaya, waɗanda suka kama hanyar Abuja suka sauka a Madalla suka juyo. Ɗan Baba na Jos ya bugo ya ce ya riga ya shiga mota. Babu wanda ya tuna da haihuwar Inna Yalwa ko auren Khamis, domin mutuwa ba a yi mata gardama. Ana neman gawa a ɗaki ba a gani ba, aka ce wataƙila tana asibiti.

Tanimu ya ga saƙon, ya duba akwati ya tarar a kulle, ya ce to wannan ba nasa ba ne, Baba ya mutu da gaske. Ya sa babbar rigar ya je ya zauna a sahun gaba, yana share ido yana gaya wa na kusa da shi cewa marigayi ya yi masa alkawarin kujera kafin ya cika.

Ana cikin haka babur ya shigo layin, da doya ɗaure a baya. Baba Obadiya ya ga rumfa a ƙofarsa, ya ji kukan matarsa. Ya jingine babur, ya dafa kafaɗar wani da ke zaune a baya.

"Wa ya rasu?"

Mutumin ya juyo ya ce, "Baba Ciyaman ne," sannan ya ga mai tambayar. Ihun da ya yi shi ya watsa taron. Kujeru suka kife, wata ta yar da tulu, Sebastine ya shige ƙarƙashin motarsa, liman kaɗai ya tsaya yana karanto abin da ya sawwaƙa. Mama Hauwa ta zo ta taɓa fuskar mijinta, ta tabbatar da ɗumi, sannan ta rufe shi da faɗa a kan barin waya a gida.

Da ƙura ta lafa, Baba ya karɓi waya ya karanta sanarwar mutuwarsa da kansa, a hankali, har ƙarshe. Ya ce tunda ga rumfa ga kujeru ga jama'a, ba sai an jira yamma ba, taro ya fara. Ya zauna da kayan gona a jikinsa.

"Injiniya, taso."

Tanimu ya taso, kuma maimakon ya ba da haƙuri sai borin kunya ya kama shi. "Baba Ciyaman, a duba abin ta fuskar ilimi. Ka mutu da safe, kafin hantsi ga rumfa, ga kujeru, ga mawaƙa, ga liman, ga ɗanka a hanya. Ina Malam Irmiya zai iya wannan da babur? Da shi ne, sai la'asar za a fara yi maka kuka."

Malam Irmiya ya ce, "Ni nakan jira mutum ya mutu tukuna."

"Wannan shi ne tsohon yayi."

Inna Yalwa ta ɗaga murya daga cikin mata. "A tambaye shi ina ɗana!"

"A tambaye shi ina matata," in ji Khamis, sai ya haɗa ido da Nehemiya ya ce wasa yake yi.

Baba ya ɗaga hannu. "Je ka ɗauko abin. A gabanmu za ka kashe shi."

Aka raka shi ya ɗauko akwati, ya warware shadda, ya mayar da batir. Da allon ya buɗe sai ga layuka kore shar, kowanne da alamar an ci. Tanimu ya manta halin da yake ciki, ya juya laftof ga jama'a.

"Ku gani da idonku! Haihuwa ta yi nasara, aure ya yi nasara, rasuwa ta yi nasara. Ba ja ko ɗaya!"

"Kashe," in ji Baba.

Ya duba sama, ya duba ƙasa, bai taɓa neman wurin kashewa ba balle ya san inda yake. Gumi ya jiƙa wuyan babbar riga. Ya ga wani maɓalli mai kibiya a lanƙwashe, ya ce wannan ne ke mayar da komai baya, ya latsa da ƙarfi. Maɓallin sake gwajin ƙarshe ne. Mai zaki kuwa ba ta tambaye shi ko ya tabbata ba.

Wayoyi suka yi ƙara a ƙarƙashin rumfa gaba ɗaya. Kowa ya duba. Cikin alhini ƙungiya ke sanar da rasuwar Tanimu.

Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya miƙe. Mutane suka karanta suka mayar da waya aljihu kamar tallan kamfani ne ya shigo. Sebastine ya leƙo ya ce shi dai ba zai sake ɗaga rumfa ba, in ana so a kawo gawar nan.

Inna Yalwa ta ce, "In za a kai shi a yi sauri, na bar ƙullu a rana."

Baba Obadiya ya gyara zama, ya ce a iya saninsa ƙungiya ba ta taɓa ba mamaci sakatare ba, kuma ba za a fara a kansa ba. Ya karɓe layin ƙungiya ya miƙa wa Malam Irmiya, ya ce a je a rufe shi a yanko sabo. Aka tafa, aka tashi.

Tanimu ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar kujeru da laftof a hammata. Kujerar ta tafi, wannan ya sani. Amma akwai mambobi da yawa da ba sa wurin, waɗanda ke aikin Asabar a Abuja da waɗanda suka yi tafiya, kuma saƙon ya same su su ma. Ya ga yadda aka yi gudu saboda Baba, ya ga layin da aka yi wa Inna Yalwa. Ya fito da wayarsa ya riƙe, yana jira ko mutum ɗaya ya bugo da kuka. Wayar ta yi shiru, shirun kuma ya yi masa ciwo fiye da rashin kujerar.

Can sai wayar Tayyiba, wadda ke jiransa a gefen rumfa, ta yi ƙara. Ya matso da sauri, ya ce ta sa a sifika. Muhsin ne, wani ɗan ƙungiya da suke shiga mota tare kullum.

"Maman Muhsina, yanzu na ga saƙo. Allah ya jiƙan Injiniya, ya ba ku haƙuri."

Tanimu ya dafa ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. Ashe dai akwai mai ƙaunarsa.

"Na ce ba," in ji Muhsin, ya rage murya, "in kun gama zaman makoki za ki koma gida ne? Don ƙanena ya daɗe yana neman ɗaki a Iku, kada wani ya riga mu."

Tayyiba ta dubi mijinta daga hula har takalmi, ta miƙa masa wayar.

"Ga mamacin nan, ku daidaita."